Chardonnay ta Faransa: yadda ake yin ta, a sanyaya ta, a zuba, a ɗanɗana

Wanda ya taɓa tsayawa bakin marina ya san halin farar shadda: abin da aka tsoma ta a ciki, shi take fitowa da shi. Haka inabin Chardonnay yake. Ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi na kansa da zai danne komai, don haka ƙasar da ya tsiro a kai, da sanyin shekarar, da gangar da aka zuba ruwansa, har da hannun wanda ya kawo kwalbar kan tebur, duk sukan bar shaida a cikin kofi. Wannan ne ya sa nake ganin babban aikin duk mai hulɗa da wannan giya, daga manomi zuwa mai hidima a gidan abinci, shi ne kada ya rufe mata baki.

Giya ce, tana ɗauke da barasa kusan kashi 12.5 zuwa 13.5 cikin ɗari, kuma hukuncinta a Musulunci sananne ne. Ba kiran kowa nake ya sha ba. Na rubuta ne domin masu aikin otal da gidajen abinci, da ɗaliban noma da sarrafa abinci, da wanda zama ya kai shi Faransa yana son ya gane abin da mutanen can ke magana a kai. Da yawa daga cikin abin da zan faɗa ido da hanci ne ke aikinsa.

Fara da karanta takardar kwalba

Gidan Chardonnay, wanda ake furtawa “shardone”, shi ne yankin Burgandi a gabashin Faransa, wanda su suke kira Bourgogne. Har akwai ƙaramin ƙauye mai wannan suna kusa da garin Tournus. A 1999 binciken ƙwayoyin halitta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa inabin ɗan haɗi ne tsakanin Pinot da wani tsohon iri da ba a ɗauka da daraja ba, Gouais blanc.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, kwalbar Burgandi ba ta cika rubuta sunan inabin ba. Sunan wuri take rubutawa, bisa tsarin da INAO, hukumar Faransa mai lura da sunayen asalin giya, ke kula da shi tun 1935. Matakai huɗu ne: na yanki baki ɗaya, kamar Bourgogne ko Mâcon-Villages, na ƙauye, kamar Meursault, sannan Premier Cru, sai Grand Cru a ƙololuwa. Idan farar giya ce daga Burgandi, kusan kullum Chardonnay ce, sai dai idan ka ga an rubuta Aligoté ko Saint-Bris.

Riƙe wurare uku a kai. A arewa akwai Chablis, inda ake sanyi, giyarta siririya ce mai kaifin tsami. A tsakiya akwai Côte de Beaune, inda ƙauyukan Meursault da Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet suke, giyarsu mai jiki da garɗi. Gonar Montrachet, wadda ta fi kowace suna, kusan hekta 8 ce kacal, ƙauyuka biyu na ƙarshen nan suka raba ta. A kudu kuma akwai Mâconnais, mai ɗumi, inda Pouilly-Fuissé take. Ka kula da wannan sunan, domin akwai Pouilly-Fumé a kwarin kogin Loire wadda da inabin Sauvignon ake yin ta. Haruffa kaɗan ne suka raba su, amma baƙon da ya nemi ɗaya aka kawo masa ɗayar zai gane tun daga shinshinar farko.

A gona

Ƙasar da aka fi so ita ce cakuɗen yumɓu da dutsen farar ƙasa, a kan gangaren da ke kallon gabas ko kudu. A Chablis idan ka duƙa ka ɗebi tsakuwa a gonakin da ke saman kogin Serein, za ka iya ganin ƙananan ɓawon kawa sun zama dutse, ragowar tekun da ya rufe wurin kimanin shekaru miliyan 150 da suka wuce. Gonakin Grand Cru bakwai na Chablis duk a jikin tudu ɗaya suke: Blanchot, Les Clos, Valmur, Grenouilles, Vaudésir, Preuses da Bougros.

Mataki na farko shi ne aure. Tun bayan da ƙwaron filoksera ya cinye saiwoyin kurangun Turai daga shekarun 1860, kusan kowace kuranga a Faransa aura ta ake yi a kan saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, kamar dai yadda ake aurar da mangwaro. Ana dasawa a matse, a Côte de Beaune kusan kuranga 10,000 a hekta, domin kowace ta yi gasa da 'yar'uwarta, ta ba da 'ya'ya kaɗan masu ɗanɗano. Sai ta shekara uku kafin a fara cin moriyarta.

Da hunturu ake yi mata aski. Salon da ya fi yawa shi ne Guyot: a bar reshe ɗaya mai tsawo a kwantar da shi a kan waya, a bar wani guntu na shekara mai zuwa, sauran a datse.

Tashin hankalin manomi yana cikin watan Afrilu. Chardonnay na saurin toho, kuma daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili yakan ƙone tohon tas. A Afrilun 2021 an yi irin wannan dare a jere, aka yi asara mai yawa a faɗin Faransa. Manoma kan kwana a gona suna kunna gwangwanayen farafin a tsakanin layuka, tudu ya cika da ɗigo-ɗigon wuta har asuba. Wasu kuma ruwa suke fesawa, ya daskare a kan tohon, ƙanƙarar ta zame masa riga da ke tsayar da sanyin a sifili. Abin kamar ba zai yiwu ba, amma yana aiki, muddin ba a dakatar da feshin ba kafin rana ta ɗaga.

Kuranga kan yi fure a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kuma bisa lissafin gargajiya kwana 100 bayan fure ake girbi, wato daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Zaɓen ranar girbi shi ne hukunci mafi nauyi a shekara. Kullum sukari na ƙaruwa, tsami na raguwa. Ana buƙatar kusan giram 17 na sukari a lita domin a samu kashi ɗaya na barasa, saboda haka manomi na neman giram 200 zuwa 220. Ya yi gaggawa, giyar ta fito da ɗanyantaka. Ya yi nawa da 'yan kwanaki, ta fito da nauyi ba kuzari. Shi ya sa ban da na'urar awo za ka gan shi yana tsinkar ƙwaya yana taunawa, yana duba ko 'ya'yan ciki sun koma ruwan ƙasa.

A ɗakin matsa

Da zarar inabi ya iso, matse shi ake yi ba ɓata lokaci, sau da yawa da dukan nononsa ba a tsige ba. Bambancin farar giya da ja ke nan: ba a barin ruwa ya kwana da fata. Injin matsa na zamani yana da wata jaka da iska ke kumburawa a hankali, matsar kan ɗauki awa biyu zuwa uku. Ruwan farko ya fi tsabta, na ƙarshe ya fi bauri, mai lura yakan ware su.

Daga nan sai a bar ruwan a tanki mai sanyi na awa 12 zuwa 24 domin laka ta kwanta, a tsiyaye na sama. Ba a so ya yi garau kamar ruwan famfo, domin 'yar gurɓatar da ta rage abincin yisti ce.

Sai tashi. Yisti na cin sukari, yana fitar da barasa da iskar kabon. Wasu na zuba yistin da aka saya, wasu na barin na jikin inabi da na ɗakin ya yi aikinsa. A tankin ƙarfe ana riƙe zafi wajen digiri 16 zuwa 20, aikin ya ɗauki mako biyu zuwa uku, a ganga kuwa yakan fi haka jinkiri. Ana auna nauyin ruwan kullum har sukari ya ƙare, ya rage ƙasa da giram 2 a lita. A shekarar da rana ta yi ƙaranci doka ta yarda a ƙara ɗan sukari kafin tashi domin barasa ta cika, dabarar da ke ɗauke da sunan masanin sinadarai Jean-Antoine Chaptal. Akwai gargaɗin da ba a wasa da shi a nan: iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasan ɗaki da cikin tanki, ba ta da wari, kuma tana kisa. Ba a shiga irin wannan wuri sai an buɗe iska, kuma ba a shiga tanki mutum shi kaɗai.

Yanzu ga mararrabar da ke raba Chardonnay gida biyu: ƙarfe ko katako. Tankin ƙarfe ba ya ƙara komai, yana barin tsamin da ƙamshin tuffa da lemon tsami su fito fili, kuma yawancin Chablis ta yau da kullum haka ake yin ta. Gangar Burgandi, da suke kira pièce, tana cin lita 228, wato kwalba kusan 300. Tsohuwar gangar Chablis, feuillette, lita 132 ce. Da itacen ok ake yin su, daga dazuzzuka irin su Tronçais da Vosges. Faskara itacen ake yi, a shanya shi a waje shekara biyu zuwa uku, sannan maƙerin ganga ya lanƙwasa shi a kan wuta. Wannan gashin ne ke kawo ƙamshin banila da gasasshen burodi. Sabuwar ganga ta fi ba da ƙamshi, bayan an yi amfani da ita sau uku ko huɗu sai ta zama mazubi mai numfashi kawai.

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma ra'ayina a kai bai ɓoyu ba. Katako kamar daddawa yake a miya: ana so a ji garɗinsa ba tare da an ce ga shi ba. Idan ka kai hanci ka fara jin kafinta kafin ka ji inabi, an yi asarar wahalar shekara guda a gona. Masu hankali kan sa kaso kaɗan ne na giyarsu a sabuwar ganga, sauran a tsofaffi, kuma sukan bar ruwan ya tashi a cikin gangar tun farko, domin yisti na sassauta kaifin katakon.

Bayan tashin farko akwai na biyu, na ƙwayoyin bakteriya. Suna juya tsami mai kaifi irin na ɗanyar tuffa zuwa tsami mai laushi irin na kindirmo. A hanya sukan fitar da sinadarin dayasetil, wanda shi ne asalin ƙamshin man shanu da ake ji a wasu kwalabe. Kusan duk farar giyar Burgandi tana bi ta wannan mataki.

Matattun ƙwayoyin yisti kan kwanta a gindin ganga kamar laka, kuma ba a gaggawar zubar da su. Suna kare giyar daga iska, suna ƙara mata kauri. Wasu kan zura sandar ƙarfe ta bakin ganga su dama lakar, lokaci-lokaci. Faransawa na kiran wannan bâtonnage. An taɓa yayin yawan damawa, amma da aka lura kwalaben Burgandi da dama na tsakiyar shekarun 1990 da bayansu sun tsufa tun lokacinsu bai yi ba, masu yin giya da yawa suka rage damawar, suka ƙara kula da ingancin toshiya da yawan sinadarin salfa, wanda ke kare giya daga lalacewa. Ganga kuma tana shan rabonta, don haka a kai a kai ake cika ta har baki, kada iska ta samu wurin zama.

Renon kan ɗauki wata 10 zuwa 18. Daga nan a tsiyaye giyar daga laka, a haɗa gangunan, a tsarkake ta da yumɓun bentonayit ko furotin na madara idan da buƙata, a tace kaɗan, a daidaita salfa, a ɗura a kwalba.

Ajiya da sanyi

Kwalba na son wuri mai duhu, zafi kusan digiri 12 wanda ba ya hawa da sauka, kuma a kwantar da ita domin toshiyar ta zauna a jiƙe. Mai aiki a Abuja ko Yamai ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, ga zafin Maris ga ɗaukewar wuta. Kafin ka karɓi kwali daga mai kawo kaya, ɗaga kwalba ɗaya ka duba. Idan toshiyar ta turo sama, ko ka ji danƙo a wuyan kwalbar, ko launin giya mai shekara biyu ya koma kamar ruwan shayi, zafi ya dafa ta a hanya.

Kuskuren da ya fi yawa wajen kawowa tebur shi ne sanyi fiye da kima. Firiji na aiki a digiri 4 ko 5, kuma a wannan sanyin ƙamshi kan kulle, Meursault mai tsada ta zama kamar ruwan lemo. Petit Chablis, wato matakin ƙasa na Chablis, da Mâcon na son digiri 8 zuwa 10, Chablis 10 zuwa 12, manyan giyoyin ganga kuma 12 zuwa 14. A aikace, sa kwalbar a firiji awa biyu, ka fitar da ita minti 15 zuwa 20 kafin a zuba. Idan ana sauri, cika bokiti rabi ƙanƙara rabi ruwa, minti 20 ya isa. Ƙanƙara zalla ba ta kama jikin kwalba kamar yadda ruwa ke yi. A wuri mai zafi ka fara da ɗan sanyi fiye da ƙa'ida, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, tunda kofi na ɗumama cikin mintoci.

Zuba wa baƙo

Kofi ya zama mai ƙafa, siriri, marar launi. Chablis na son mai ɗan tsukakken baki, giyar ganga kuma mai faɗin ciki. Shinshina kofin kafin ka ajiye shi, domin warin sabulu ko na kabad yana ɓata komai.

Nuna wa wanda ya yi oda takardar kwalbar, ka faɗi suna da shekara, ka jira ya amince. Yanke rufin da ke wuya a ƙasan leɓen kwalba, ka goge. Soka mabuɗi a tsakiyar toshiya, ka murza, ka ɗago a hankali, ƙarshen ka cire da yatsu ba tare da ƙara ba. Ka sake gogewa, ka zuba masa ɗan kaɗan ya gwada. Wannan gwajin na neman aibi ne. Idan ya ce tana warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe, toshiyar ce ta gurɓata da sinadarin da ake kira TCA; kada ka yi gardama, ce masa “Yallaɓai, bari a kawo wata,” ka ɗauke har kofin. Amma idan ƙananan duwatsu ne kamar sukari a gindin kwalba, gishirin inabi ne da sanyi ya daskarar, ba su da illa.

Zuba daga hannun daman kowane baƙo, mai oda a ƙarshe. Kashi ɗaya cikin uku na kofi ya isa, ka ɗan murza kwalbar yayin ɗagawa don kada ta ɗiga. Kwalba mai santilita 75 na ba da kofi shida na santilita 12.5. Kada ka zuba wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ka tuna a Faransa iyakar barasa ga mai tuƙi giram 0.5 ce a litar jini, abin da kofi biyu ke iya kaiwa.

Ɗanɗano

Riƙe kofin ta ƙafa, ka karkata shi a kan farin ƙyalle. Matashiyar Chablis fara ce mai ɗan kore-kore. Wadda ta zauna a ganga ko ta manyanta tana komawa ruwan zinariya.

Shinshina sau ɗaya kafin ka motsa kofin, sannan ka juya shi a kan tebur, ka sake shinshinawa. Kada ka damu da dogayen kalmomin masana, nemi abin da hancinka ya sani. Lemon tsami, koriyar tuffa da warin dutsen ƙyastu na nuna wuri mai sanyi. Abarba da kankana mai zaƙi na nuna ɗumi. Man shanu, soyayyar gyaɗa da banila aikin ɗakin matsa ne. Zuma da naman kaza kuma shekaru ne.

A baki, kurɓi kaɗan, ka zagaya da shi, ka ja 'yar iska ta tsakanin leɓɓa. Tambayoyi uku za ka yi. Yawu nawa ya tsatso a gefen harshe? Wannan shi ne ma'aunin tsami. Nauyinta kamar ruwa ne ko kamar madara? Sannan bayan ta bar baki, daƙiƙa nawa ɗanɗanon ke zama? Giya ta yau da kullum na ɓacewa cikin daƙiƙa uku ko huɗu, mai daraja kan wuce goma. Ƙwararru ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi a wani mazubi, in ba haka ba wa zai gwada kwalba 40 a wuni ya tsaya da ƙafarsa. Kuma rufe takardar kwalba yayin gwaji na da amfani: a ranar 24 ga Mayu 1976, a gwajin da Steven Spurrier, ɗan Ingila mai sayar da giya, ya shirya a Paris, alƙalan Faransa da ba su ga sunaye ba sun ɗora Chardonnay ta Chateau Montelena daga Kalifoniya a kan manyan giyoyin Burgandi.

Wajen abinci, haɗa nauyi da nauyi. Chablis na tafiya da ɗanyar kawa, gasasshen kifi, da 'yan ƙananan fanke na cuku da ake kira gougères. Meursault da 'yan'uwanta na son kazar Bresse a miyar kirim, ko cukun Comté. Barkono mai zafi kuwa ba ya shiri da giyar ganga, yana sa ta yi ɗaci, barasar ta riƙa ƙuna a maƙogwaro. Idan abincin mai yaji ne, ba baƙo shawarar Mâcon wadda ba ta ga katako ba.

In kana son horar da hancinka ko na ma'aikatanka, ajiye kofi biyu a gefe da gefe: Chablis ta ƙauye da Pouilly-Fuissé ta ganga, na shekara ɗaya. A shinshina su da fitowarsu daga firiji, a rubuta abin da aka ji, a bar su minti 20 a sake. Abin da ya rage a kwalba a mayar masa da toshiya nan take, a tsayar da shi a firiji, a rubuta kwanan wata a jikin takardar. Kwana biyu zuwa uku yake yi. Bayan haka a miƙa wa mai girki ya yi miyar kifi da shi.